Ranar da Na Sa Larabawa Turin Mota

Shekara biyu abokaina suka yi suna farfaɗo da wata tsohuwar akori-kura da ta yi jigilar ruwa a Riyad tun zamanin kakanni. Ba wanda ya biya su. Kowace Juma'a suna garejin Baba Isa, bakanike ɗan Damagaram, har motar ta fito koriya shar, tana ƙyalli kamar amarya. Ni gudummawata ba ta wuce dafa shayi da surutu ba.

Ranar baje kolin tsofaffin motoci, Baba Isa ya tafi alwala, sai 'yan kallo suka nemi jin kukan injin. Na gyara hula na ce, "Shekarata ashirin a kan sitiyari, wace mota ce za ta gagare ni?"

Na murɗa makulli, shiru. Na sake, shiru. Na leƙo ta taga na yanke hukunci: "Batir ne. Yalla, maza a tura!"

Larabawa shida suka tattare fararen jallabiyoyinsu suka kama turi, saura ƙiris mu hau kan wata tsohuwar Marsandi. Sai ga Baba Isa a guje, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Taka birki, ɗan nan!"

Ya hau, ya taka wani ɗan ƙarfe kusa da totur. Injin ya ɗauka raɗau, kamar jiya aka ƙera shi. Ashe motocin wancan zamani da ƙafa ake tayar da su.

Har yau in na yi nauyin tashi daga tabarma, sai wani ya ce, "Batir ne. A tura shi."