Sahabi da Ihun Gidan Baturen Auduga

Wani mutum ne a Funtuwa, Sahabi, wanda ya ɗauki kansa alƙalin finafinan ban tsoro na duk faɗin garin. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya naɗa kansa, ya kuma zauna daram. In kana nemansa bayan la'asar, je ka gidan kallon Baba Talle, wata rumfar kwano da ke bayan tasha, za ka same shi a bencin gaba ya harɗe ƙafa.

Da an sa fim ɗin gidan aljanu, an ja ƙofa, mutane sun fara matsowa kusa da juna, sai gogan naka ya buɗe baki.

"Wai wannan ce fatalwar? Garin rogo ne aka yaɓa mata!"

"Jinin nan tumatirin gwangwani ne, daga nan nake jin ƙamshinsa."

"Ƙofar nan da ta rufe kanta, akwai wani bawan Allah a tsugune a bayanta. Allah dai Ya sa an ba shi abinci."

Wani lokaci har yakan ɗaga yatsa ya ce, "Yanzu za ta leƙo ta madubi." Sai kuwa ta leƙo! Mutane su zabura, shi ko gezau. Sai ka ji ana cewa, "Kai, Sahabi ba dai zuciya ba!" Shi kuma ya bugi ƙirji ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai san abin da ake kira faɗuwar gaba ba. Wannan suna shi ne duk abin da ya mallaka a garin, da shi yake shan shayi a gaishe shi, da shi yake tafiya yana buɗa hannu.

To ƙarya yake yi. Wallahi ƙarya yake yi! Sahabi ko ƙadangare ne ya faɗo daga katanga sai ya yi salati. Dabararsa ita ce, da ya ji fim ɗin da Baba Talle zai sa, sai ya sulale can ƙarshen gari wajen mai tura finafinai a waya, inda ba a san shi ba. Ya dawo gida ya zauna tsakar gida da rana tsaka, ya kashe muryar wayar, ya miƙar da hannu nesa da fuskarsa, ya kalla da ido ɗaya. Duk inda abin tsoro yake sai ya haddace. Da yamma ya zo ya yi wa mutane jarumta.

Ana nan sai Nafi'u, mai ɗaukar hoton biki, ya ce shi ma fim ɗin gidan aljanu zai yi. Kyamararsa ta biki ita ce jarinsa. 'Yan wasa kuwa abokansa ne, fatalwa kuma Isyaku tela, wani dogo siriri kamar gorar ɗebo mangwaro. Suka zaɓi tsohon gidan baturen auduga, wani kango a bayan gari da ko masu kiwo ba sa son ratsawa.

Da labari ya iso rumfar Baba Talle, Sahabi ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Nafi'u? Nafi'un da ke yanke kan amarya a hoto? In fim ɗinsa ya sa na ko ƙifta ido, kada wanda ya ƙara kirana namiji a garin nan!"

Nafi'u na wurin. Bai yi fushi ba, ya ce, "Babu komai, Yaya Sahabi. A nan za a fara nuna shi. Kuma ba zan tura wa kowa ba kafin ranar, kowa ya gani sabo fil."

Nan fa Sahabi ya daina dariya. Sabo fil? Ya garzaya wajen mai turi, babu. Ya lallaɓi Nafi'u wai ya ba shi ya duba masa kurakurai, Nafi'u ya ce ai babban alƙali ba a ba shi ɗanyen aiki. Abinci ya daina yi masa daɗi. In fatalwar nan ta faɗo masa ba shiri ya zabura a gaban jama'a, shi ke nan, ya gama yawo a Funtuwa.

Sai ya yanke shawara. Tunda ba zai ga fim ɗin ba, zai je ya ga inda ake dafa shi.

Ya laɓe a bayan wata dalbejiya da rana tsaka, har ya ga Nafi'u da mutanensa sun fito sun nufi wajen mai abinci. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yi wuf ya faɗa gidan.

Ciki duhu dunɗum. Ba su da fitilun aikin dare, don haka da rana suke ɗauka, sai su toshe tagogi da barguna su ce dare ne. Sahabi ya tsaya har idonsa ya saba. Can ya hango zare ɗaure a jikin ƙofa. Ya ga kujera mai lilo da igiya a ƙafarta. Ya ga bokiti cike da zoɓo, wato jinin ke nan. Sai ransa ya dawo. Ya fara murmushi, har yana gwada abin da zai faɗa ranar kallo.

Sai ya ji motsi a bayansa. Ƙwas!

Ya juya a hankali. Wani abu ne fari fat yake tasowa daga ƙasa. Yana tashi, yana tashi, kamar ba zai gama tashi ba. Idanu baƙaƙe wuluk. Ya miƙe hannuwa sama, ya wangame baki ja wur.

Isyaku tela ne fa, bawan Allah. An hana shi fita don kada zufa ta wanke garin da aka shafa masa, ya kishingiɗa yana jiran a kawo masa shinkafa, barci ya sace shi. Miƙa yake yi da hamma.

Abin da ya fito daga bakin Sahabi, ni dai ba zan iya kwaikwayonsa ba, maƙogwarona ba zai ɗauka ba. Jemagun gidan suka watse. Ita kanta fatalwar ta ce "Innalillahi!" ta faɗa ƙarƙashin tebur ta rufe kai. Sahabi kuwa ya ranta a na kare. Katangar da ko akuya ba ta hawa, bai san lokacin da ya tsallake ta ba.

Sai da ya kai gida ya sha ruwa ya nutsu, sannan ya lissafa. Duhu ne, ba wanda ya ga fuskarsa. Kuma ga shi ya gano zare, ya gano zoɓo, ya ga fatalwar ido da ido. Ashe ma riba ya ci! Ya kwana biyu yana zawo, amma ya warke.

Ranar kallo rumfa ta cika maƙil, har da masu leƙe ta hujin kwano. Aka sa fim. Jama'a, fim dai ya yi muni, ba a magana. An rubuta "tsakar dare" a jikin allo, ga zakara na cara, ga ɗan acaɓa na danna oda. Fatalwa ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Isyaku, ina wandona?" in ji Lawwali direba daga baya. "Ashe mutuwa ka yi shi ya sa ba ka gama ba!"

Rumfa ta kece da dariya.

"Wannan gidan ai ba aljanu yake buƙata ba, mai shara yake nema," in ji wani.

"Ni tausayin fatalwar ma nake ji, ku dubi yadda ta rame."

Sahabi kuwa yau take sallah. "Ku kalli ƙasan ƙofa, zare ne. Kujerar nan igiya ce. Wancan zoɓo ne, ko citta ba su sa ba!" Nafi'u na tsaye a gefe yana sharce gumi, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Sai aka zo wajen ƙarshe. Allon ya yi baƙi. Shiru. Can sai wani ihu ya tsaga rumfar.

Ihu ne da ya faro siriri, ya yi sama, ya karye, ya sake tashi yana rawa. Tsigar jikin kowa ta tashi. Lawwali ya faɗo daga benci, tim! Masu leƙe suka watse. Baba Talle da kansa sai da ya saki carbinsa. Sahabi kuwa ya damƙe benci da hannu biyu, ya cije, bai motsa ba.

Da aka buɗe ƙofa kowa ya hau faɗin ra'ayinsa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Fim dai shirme ne, amma ihun nan! Lawwali ya rantse ko a finafinan waje bai taɓa jin irinsa ba. Wani ya ce don ihun kawai zai dawo gobe. Aka fara kewaye Nafi'u ana ba shi hannu.

Wannan ne ya ƙona wa Sahabi rai. A yabi wani a gabansa? Ya miƙe ya ɗaga hannu.

"Haba jama'a, kun ba ni kunya! Wannan ne ihu? Ni da na san harkar nan ciki da waje? Wannan ba muryar ɗan Adam ba ce. Akuya ce aka murɗe wa kunne, aka ja muryar a kwamfuta. Ba mutumin da zai yi wannan kukan, ko jariri ne. Nafi'u, faɗi gaskiya, akuyar wa ka ara?"

Nafi'u ya dube shi, ya sosa ƙeya. "Yaya Sahabi, a bar maganar nan."

"Kun gani ko? Na kama shi!"

"To shi ke nan," in ji Nafi'u. Ya juya ga jama'a. "Wata rana za mu tafi cin abinci, na bar na'urar ɗaukar murya a kunne a gidan, don ta ɗauko mini kukan ƙofa da iska. Da muka dawo na samu wannan. Rabinsa kawai na sa a fim. Sauran na yanke, saboda mutunci."

Sahabi ya yi saurin sauke hannunsa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "A'a, ai ba sai ka sa ba. Magariba ta kusa."

"A sa! A sa!" in ji rumfa gaba ɗaya.

Nafi'u ya jona wayarsa da lasifika. Ihun ya sake tashi, ya yi sama, ya karye. Sai kuma magana ta biyo baya, tar da ita, cikin kuka:

"Wayyo Iya! Ki yi mini rai, Hajiya fatalwa! Ni ne Sahabi, Sahabi ɗan Iya Kubura! Wallahi ban taɓa raina ku ba, baki ne kawai! Ko a waya sai na kashe murya nake kallonku!"

Sai ƙarar bokiti, ƙwaram, da sawun gudu, fafafafa.

Sahabi ya yi tsuru-tsuru, ya dubi ƙofa, mutane sun cika ta. Baba Talle ya sunkuya ya ɗauki carbinsa, ya kaɗe shi a hankali, ya girgiza kai.

"Ikon Allah," ya ce. "Na yi kiwo tun ina yaro, amma yau na fara jin akuyar da ta san sunanta da na uwarta."