Rasuwar Kwamfutar Alhaji Kalilu Mai Hatsi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa wuya, Alhaji Kalilu mai hatsi na bakin kasuwar Daura yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar shagonsa, tare da manhajar da ke cikinta, bayan doguwar jinya.

Alhaji bai taɓa ɓoye dalilin kawo marigayiyar ba. Wata ranar kasuwa ya je Mai'adua, ya tarar abokin sana'arsa Alhaji Musaddiq ya girka irinta, mutane na leƙe ta taga suna jinjina masa. Ya hau mota ya dawo Daura da abin a ransa. Kafin kaka ta shigo, tasa ta iso daga Kano cikin kwali.

An shaide ta da ilimi mai zurfi. An yi ta ne don kamfani mai rassa a jihohi da ma'aikata ɗaruruwa. Alhaji kuwa shago ɗaya gare shi, da tiya, da buhunan gero da wake waɗanda yake gani duka daga kan bencinsa. Amma ba ta taɓa raina shi ba. Kowace safiya in ya kunna ta sai ta yi "tilin-lin", ta rubuta masa barka da zuwa da cikakken sunansa. Tun rasuwar maiɗakinsa, Hajiya Murjanatu, babu mai riga ta gaishe shi.

Da ta nace sai an ba ta sunayen ma'aikata, ya rasa na bayarwa, sai ya sa na 'ya'yansa: Suhaibu da ke neman abinci a Fatakwal, da Adama da aure ya kai Damagaram. Daga ranar, kullum sai ta sanar da shi cewa yau ma ba su zo aiki ba. Yakan gyaɗa mata kai.

Ciwon ya fara da nauyin jiki. Takan daɗe tana juya ɗan zobe a fuska, fankarta na nishi "huuu". Injiniyan da ya girka ta ya daina ɗaga waya. Ranar wata Laraba da damina aka kawo wuta da ƙarfi, ta yi "ƙyas" sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya mayar da murfi, ya miƙa wa Alhaji hannun ta'aziyya.

Ta rasu ta bar firinta wadda ba ta taɓa buga komai ba sai takardar gwaji, da na'urar karanta lambar kaya, wadda ta gaji da haska buhunan gero ba ta ga lamba ba. Ta kuma bar yayarta a Mai'adua. Da Alhaji ya kai labarin rasuwar, ya iske an lulluɓe yayar da zane, an ɗora mata fulas ɗin shayi. Alhaji Musaddiq ya ce shi ma a shagon wani ya gani a Kano ya saya, kuma har yau bai san aikinta ba. Suka zauna suka sha shayin tare.

Za a mayar da ita cikin kwalinta ranar Juma'a bayan la'asar, a kai ta makwancinta a ɗakin ajiya da ke bayan shago. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shagon har magariba. Ba a buƙatar kowa ya zo da komai. Alhaji yana roƙon wanda ya samu zuwa kada ya gaisa a tsaye. An shimfiɗa babbar tabarma.