Idon Baba Jethro Kafin Asabar

"Sannu da hutawa, tsohon miji. Ko sauro kake tsoratarwa da yatsa?"

Baba Jethro bai juyo ba. Yana kan bencinsa a gindin mangwaro, can Unguwar Mu'azu, ya miƙa babban yatsa gaban fuska, ya kalle shi, ya kalli nesa, ya sake dawowa. Allah ya ba shi hutu, haka yake in ya sa abu a rai. A 1986 ne, saura kwana huɗu auren jikarsa Ladi, kuma ya riga ya gaya wa fasto shi zai yi karatu a coci ranar. Alhali shekara biyu ke nan rubutu na narke masa a ido. Bai gaya wa kowa ba, kowa kuma ya sani.

"Wa nake ji kamar matar nan da ta ci amanata?"

"Ni ce, Ladinka. Na zo in ga ko kishi ya ƙarasa ka."

"Kishin wa? Alexander? Yaron da wuyansa ke shiga ɗaki kafin shi?"

"Shi dai yana ganin abin da ke kwanonsa. Mama ta ce jiya sukari ka zuba a miya."

"Sabon girki nake koya musu. Matsa, kin tare mini atisaye."

"Atisayen me?"

"Na ido. Wilson ya koya mini, tsohon sojan nan mai gadi a masaƙa. Ka kalli yatsa, ka kalli nesa, sau ashirin. Ka juya ƙwayar ido dama da hagu. Sannan ka murza tafin hannu ya yi ɗumi, ka rufe fuska, ka ƙirga ɗari."

"To me ka gani?"

"Ranar farko, hayaƙin masaƙa. Ta biyu, mai shayi a tashar jirgi, har na ga bai wanke kofi ba. Jiya na hango har Gonin Gora, can bakin gari, wani direba na sayen doya, biyu a ciki ruɓaɓɓu."

"Yau sai Legas ke nan."

"Me zan yi da Legas?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Duwatsun garinmu na gani. In na rufe fuska da tafi, sai ga gonar acca bayan ruwan sama. Ga kakarki ta taho daga rafi da tulu, ba ta sauri, gefen zanenta a jiƙe. Tana isowa gindin ɗorawa sai ɗari ta cika."

"Ka ƙirga ɗari biyu mana."

"Na gwada. Ba ta wuce ɗorawar."

Iska ta kaɗo busasshen ganye ya sauka a gwiwarsa. Ladi ta zaro katin aurenta daga jaka.

"Mai hango doya, karanta mini sunan ango."

Ya karɓa, ya nesanta shi har hannu ya ƙare. "An rubuta, ɓarawon matan mutane."

"Ƙasa da shi fa?"

"Za a yi a gidan yari."

Ta yi dariya.

"Tsoho, Wilson harbi aka koya masa, soja nesa yake son gani. Kai kuwa ranar Asabar littafi za a ajiye maka a gaban hanci, ba Gonin Gora ba."

"Na san inda kika nufa. Shekara ashirin da biyu ina duba zare a masaƙa, ko ɗaya bai tsinke ban gani ba. Yanzu in rataya gindin kwalba a fuska, kishiyana ya yi mini dariya?"

"Shi ke nan. Sai fasto ya ba kawun Alexander karatun."

"Wannan? Kafin ya gama layi ɗaya shinkafa ta huce!"

"Shi dai zai gama."

Jethro ya kawar da kai. Ya fi kowa sanin haka za a yi. Sai ya ji an ɗora masa wani abu a tafi, tabarau ne naɗe cikin hankici.

"Daga kasuwar Kakuri. Na ce wa mai shago na miji nake so, ɗan shekara ɗari uku."

"Zan sa ne kawai don in nuna miki ba ya aiki."

Ya maƙala. Ya dubi katin, sai ga baƙaƙen sun tattaro kansu sun tsaya cak. Ya karanta sunanta a hankali, ya karanta na angon, da ranar, har da sunan wanda ya buga katin. Sannan ya ɗago, ya kamo haɓarta ya jawo kusa, ya daɗe yana kallo. Rabonsa da ganin fuskar nan sosai tun tana makaranta.

"Kai! Ashe haka kike da muni? Duk wannan kishi a banza na yi. Je ki, na bar wa Alexander, Allah ya ba shi haƙuri."

"To hawayen na mene ne?"

"Atisaye ne, yakan kawo ruwa." Ya fashe da dariya yana share kunci. "Shiga ki ɗauko mini littafin. Ki zauna can inda amarya take zama, ki ji yadda ake karatu."