Matan Aro a Taron Zumunta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai matan aro taron Zumuntar Mata a Gashuwa ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, in tashi in kama aikin da ba wanda ya sa ni.

Ni tela ce a Nguru, kuma ni ce Uwar Zumunta a ɗan ƙaramin cocinmu (kada sunan ya ruɗe ku, a lokacin mu bakwai ne har da ni, biyu daga cikinmu kuma matan 'yan sanda ne, ko yaushe ana iya yi wa mazansu canjin wurin aiki su tattara su tafi). Saboda ƙarancinmu, a ƙarƙashin zumuntar Gashuwa muke. Ba mu da tuta tamu, ba a kiran sunanmu a taro, in an zo shiga majami'a a bayan matan Gashuwa muke bi kamar 'yan rakiya. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Ana nan sai Mama Rifkatu, shugabar mata ta gunduma, ta aiko cewa duk reshen da ya kai mata goma sha biyu kafin taron ƙarshen shekara za a ba shi tutarsa ya tsaya da ƙafarsa. Baba Fasto ya tara mu ya ce hanya ɗaya ce: kowacce ta ɗauki mace ɗaya cikin waɗanda ke zuwa sujada ran Lahadi amma ba sa zaman zumunta, ta riƙa ziyartarta, su karanta Littafi tare, su yi addu'a, har ta ga dama ta shigo da kanta. Ya ce almajirantarwa ke nan, aikin sa kai ne, kuma ba a yin sa da gaggawa. Na ce to. Sai dai ni Allah bai ba ni irin wannan haƙurin ba. Ko shinkafa na ɗora, kafin ta nuna na buɗe tukunya ba adadi.

Washegari na sayo yadin anko na mata goma sha biyu, tun ba a ga matan ba. Na raba wa 'yan'uwa gidajen da za su je, sannan na hana su sakat da waya. Kin je? Me ta ce? Ta amsa? Wata ta ce in bari ta cire takalmi tukuna. In na ga sun yi sanyi sai in hau mashin in je da kaina, in yi wa mace wa'azin zumunta tana tsaka da wanke-wanke. Akwai wata amarya da ta gane sallamata, da ta ji ni a ƙofar gida sai mijinta ya fito ya ce ta tafi kasuwa (takalmanta kuwa ga su nan a bakin ɗaki suna kallona). Da shekara ta zo ƙarshe mun ƙaru da mace ɗaya tal, Ladi, wata matashiya mai kunya da ke sayar da ƙosai.

Mu takwas, ga anko huɗu a ninke suna jiran masu shi. Na kasa cin abinci, na kasa zama a kan keken ɗinki. A cikin wannan hali ne na yi wa maƙwabciyata Sisiliya ƙorafi. Sisiliya bandar kifi take sayarwa, 'yar Katolika ce, mun daɗe muna musayar kwano ta kan katanga. Ban san lokacin da bakina ya ce ko za ta raka mu Gashuwa ba, ita da ƙawayenta uku, rakiya kawai, ga ma anko kyauta. Ta yi dariya ta ce me zai hana. Na gaya wa kaina cewa ai ba ƙarya na yi ba, mata goma sha biyu aka ce, ba a ce daga ina ba, kuma duk Yesu ɗaya muke bi. Baba Fasto ya yi tafiya a makon, matan zumuntarmu kuwa suka kalli juna suka yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin amincewa.

A cikin mota ban bar kowa ya huta ba. Daga tasha na fara koya wa baƙin waƙoƙinmu, kafin mu kai Jajimaji sun fi mu iyawa (mawaƙan cocinsu ne ashe, abin har ya ɗan ba ni haushi). Na koya musu ayar hadda, da sunan Fastonmu, da ranar da muke zumunta, na kwance musu ɗankwali na sake ɗaura musu irin namu. Na tsaya na dube su na ce a raina, yau ko uwar da ta haife su ba za ta ce ba namu ba ne.

Tun a bakin ƙofar majami'a asirina ya fara neman tonuwa. Muna shiga a layi da waƙa sai na ga Sisiliya ta miƙa hannu gefen ƙofa tana laluben ruwa mai tsarki irin na cocinsu. Na mintsine ta. Da muka isa benci, wata daga cikinsu ta kai gwiwa ɗaya ƙasa kafin ta zauna, na yi maza na ce wa matar da ke kusa da mu takalminta ne ya tsinke. Gumi ya jiƙa mini riga. Duk tsawon wa'azin ban ji ko kalma ɗaya ba, idona na kan hannuwa da gwiwoyin mata huɗu.

Can aka kira Nguru. Muka fita gaba muka jeru muna fuskantar jama'a. Mama Rifkatu ta ƙirga mu da yatsa, muka cika cif. Aka ɗauki guɗa, masu tulu suka hau kiɗa, aka kawo tutar, sabuwa fil, ga sunan garinmu a jiki. Na ji hawaye ya cika mini ido, na ce shi ke nan, na tsallake. Mama ta ɗaga tutar sama, kowa ido buɗe, wasu na ɗaukar hoto da waya, ta ce, "Na keɓe wannan tuta cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki."

Hannuwa huɗu suka tashi a tare. Goshi, ƙirji, kafaɗar hagu, kafaɗar dama. Alamar gicciye tsaf, kamar an yi musu gwaji, abin da ba a taɓa yi a cocinmu ba tun da aka kafa shi.

Kiɗan tulu ya tsaya. Wata tsohuwa a benci na biyu ta toshe baki da ɗankwali, kafaɗunta na rawa. Mama ta sauke tutar a hankali, ta tambayi Sisiliya yaushe ta shiga zumuntar Nguru.

"Yau da safe, Mama, a tasha," in ji Sisiliya, fuskarta wasai. "Rakiya muka yi wa 'yar'uwarmu. Da yamma za mu koma, gobe mu ne da waƙa a cocinmu."

Majami'a ta kwashe da dariya. Na yi fatan siminti ya tsage in shige. Mama ta gode wa baƙin da fara'a, ta sa aka ba su kujerun gaba da ruwan sanyi, sannan ta juyo gare ni.

"Uwar Nguru, ku nawa ne?"

"Takwas, Mama."

"Bara fa?"

"Bakwai."

"To me ya hana ki kawo mana ta takwas ɗin mu yi murna da ita?"

Aka ninke tutar a gabana aka mayar da ita cikin leda. Amma ba wannan ya fi ƙona mini rai ba. A wajen cin abinci na ji wata mata tana tambayar Ladi cikin raha ko ita ma ta aro ce. Ladin da ta bar kaskon ƙosanta ta zo taronta na farko. Ta ajiye cokali, har muka iso Nguru fuskarta na wajen taga. Sai da na yi ta sintiri gidanta ina ba da haƙuri kafin ta yarda ta dawo zumunta, kuma rannan na ji daɗin da ban ji ba lokacin da aka ɗaga tuta.

Har yau dai a bayan matan Gashuwa muke shiga, in an tambaye ni mu nawa ne in faɗi gaskiya in ja bakina in yi shiru. Abin da na koya kuwa bai wuce wannan ba: za ki iya ɗaura wa mace zaninki da ɗankwalinki a cikin mota, amma in aka ambaci sunan Allah, hannunta abin da aka koya masa a gida zai yi, kuma gaban jama'a zai yi shi.