Na'urar Tanwir da Kwalin Mangwaro

"Ko Multan ta kama da wuta, na'urata ba za ta yi ko tari ba!"

Haka Tanwir Khokhar ya faɗa, yana dukan ƙirji, ranar da aka kawo masa ita garinmu Multan daga birnin Karachi. Ina wurin, abokina, don a ƙofar shagonsa nake shan shayi tun da ƙafafuna suka gaji da yawon duniya. Shekarar ta kwance mini. Amma lokacin zafi ne, wannan kam na riƙe, saboda takalmina ya manne a kwalta.

Sana'ar Tanwir ajiye wa 'yan kasuwa shafukansu na intanet. Na'urar, wadda suke ce wa saba, ita ce rumbun shafukan. In ta tsaya, kowa ya rufe shago. Babban mai hulɗa da shi kawunsa ne, Mamu Allah Ditta mai gonar mangwaro. A wannan shekarar Mamu ya fatattaki dillalai, don Tanwir ya rantse masa masu saye daga Lahore har Dubai za su riƙa oda ta shafi. Mangwaro kuwa in ya nuna, ko a sayar ko ƙudaje su gaje shi.

Washegari wata ma'aikaciyar kamfanin da ya sayar da na'urar ta bugo waya. Nargis sunanta, ko Nasrin? Nargis dai.

"Tanwir Sahib, mu turo wanda zai kafa maka ita?"

"Baji, 'yar'uwa, ni za a kafa wa? Ni da nake jin ciwon kwamfuta tun daga bakin titi?"

"To, ba ni adireshin imel da za mu riƙa tantance ka da shi."

Ya karanto nasa, yana jan kowane harafi.

"Sahib, wannan a cikin na'urar yake zaune fa. Ba ni wani na waje."

"Injiniya guda ya yi aron adireshi? Rubuta kawai!"

Ka san a gidajenmu ba a barin abu mai daraja tsirara. Talabijin da mayafinta, keken ɗinki da nasa. Sai gogan ya karɓo wa saba mayafi mai kauri daga mahaifiyarsa, mai ado da ƙananan madubai, ya lulluɓe ta ruf, har ƙofofin shan iskarta. Na ce, "Ɗana, baiwar Allah nan ba ta gumi?"

"Baba-ji, kai dai ka tsaya a kan littattafanka."

Na tsaya a kansu. Na'ura ta fara kuka kamar ɗan tsakon da ya ɓata. Sarkin gwaninta ya ɗauko sukundireba, ya yage hatimin kamfani mai jan rubutu, ya nemo inda kukan ke fita, ya cusa auduga. Shiru.

"Ka gani? Da 'yan Karachi ne sai sun yi taro."

Ana nan Mamu ya leƙo, ya ɗora hannu kan mayafi, ya janye da sauri. "Kai, ɗumi mai kyau!" Manomi ne, ba ya ganin ɗumi ya bar shi a banza. Ya tura kwalin ɗanyen mangwaro ƙarƙashin mayafin, Tanwir na ta yi masa bayanin Dubai.

Ranar da motoci suka cika da mangwaro a gona, ranar saba ta ce ga garinku. Mamu ya iso rawani a karkace.

"Ɗan ƙanwata, ina odar?"

"Minti ɗaya, Mamu. Hutawa take."

"Uban wa ya ba ta hutu?"

Dole gogan ya kira Karachi, ya buɗe murya don Mamu ya ji yadda ake girgiza kamfani.

"Injiniya Tanwir ke magana! Kayanku ya mutu!"

Nargis ta ce, "Sannu, Sahib. Na tura lambar tantancewa ta imel ɗinka. Karanto mini."

"Imel ɗin ba ya buɗuwa."

"Saboda me?"

Ya rage murya. "Yana cikin na'urar."

"To, kunna ta."

"Baji, ita ce ta mutu!"

"Sai ka karanto lambar, in turo mai gyara."

Haka suka yi ta zagaye kamar jakin niƙa, har shayina ya huce. Daga bisani ta tausaya, ta ce ya ɗauki hoton na'urar da waya ya tura. Ya tura. Sai muka ji ta kira abokan aikinta, sai dariya ta ɓarke a Karachi har muna ji a Multan.

"Sahib, amarya ce wannan ko saba? Kuma wa ya yage hatimi? Mai gyara zai zo mako mai zuwa, amma garanti ya tafi tare da hatimin."

Mako guda! Mamu ya fita waje ya kira dillalan da ya kora, yana ce musu 'yan'uwa, suna ja masa rai. Ya dawo fuska kamar hadari, ya fizge mayafin zai shaƙe Tanwir da shi. Sai ƙamshi ya cika shagon. Ga mangwaron kwali ya nuna jawur, ko tabo babu.

Mamu ya ɓare ɗaya, ya tsotsa, ya lumshe ido. Ya miƙo mini ɗaya. Ban taɓa shan irinsa ba, ko na sha na manta. Sannan ya karɓe wayar daga hannun Tanwir.

"'Yata, kina ji? In mai gyaran ya zo, ya dawo mini da zafin nan kawai, shi ke nunar da mangwaro. Injiniyan zan tafi da shi gona, ya riƙa lulluɓe kwalaye. A nan kaɗai na ga gwanintarsa."