Ranar da na je ba da haƙuri saboda 'yata ta yi aikinta

Jiya da safe na ciro babbar rigar da nake ajiyewa don ta'aziyyar manya, na goge takalmi, na tsallake kwatar ƙofar gidanmu da dabarar da na shekara tara ina gwanancewa a kanta, na tafi wani ofis ba da haƙuri. Laifin babba ne, ba zan ɓoye muku ba. An ɗauki 'yata ta gyara shafin intanet na wata hukuma, ita kuma, don ƙarancin tarbiyya, ta gyara shi.

Auta ce, tana karatun kwamfuta a jami'a. A shekara ta uku ana tura ɗalibai sanin makamar aiki na wata shida, a ba kowa wani littafi mai shuɗin bango ya riƙa rubuta abin da ya koya duk mako. Mai kula da shi a wurin aikin zai sa hannu a kowane shafi, a ƙarshe a doka hatimi. Wanda ya koma makaranta ba hannu ba hatimi, shekararsa ta tafi a banza, sai ya maimaita. Juma'ar nan ce ranar ƙarshe ta miƙa littafin.

Ni na samo mata wurin, don haka duk abin da ya biyo baya uwarta a kaina ta ɗora shi. Sunan hukumar ba zai fito daga bakina ba, ina da iyali. Ya isa ku sani cewa tana cikin waɗanda aka kafa don jin daɗinmu, kuma a bangon zauren shiga akwai lambobin yabo shida a jere, duk na abu guda: hukumar da jama'a ba su taɓa kai kuka a kanta ba.

Aka damƙa Auta a hannun Shugaban Sashen Kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya. Shekara ashirin ya yi yana kula da motocin hukumar, da aka buɗe sashen kwamfuta aka duba aka ga babu wanda ya kai shi daɗewa da inji. Tasa kwamfutar tana kan tebur a lulluɓe da wani ƙyalle mai ado, kuma mutumin kirki ne, bai taɓa takura mata ba. Da Auta ta kai masa littafinta a makon farko, ya ce ta ajiye, babba ba ya sa hannu kaɗan-kaɗan kamar mai sayar da mai a kwalba, a ƙarshe zai yi gaba ɗaya.

Abin da ta fara koya shi ne, a can ba a kallon shafin intanet a kwamfuta. Mai Girma Babban Darakta ba ya duba abin da ba shi da fayil. Sai an buga shafin a takarda, an huda, an ɗaure da zare, masinja ya hau da shi bene, bayan kwana huɗu ya sauko da gyare-gyare da jan biro. Akwai wani bidiyo da Auta ta saka a shafin farko. Takardar ta dawo an zagaye shi, an rubuta a gefe cewa wannan bai motsa ba, a binciki dalili. Kwamitin mutum uku ya zauna mako biyu, ya ba da shawarar a sayi sabuwar firinta.

Sai batun hotunan shugabanni, wanda ya ci wata guda cur. Ƙa'idar ita ce kan Mai Girma ya fi na mataimakinsa da inci ɗaya, kuma da rula ake aunawa. Matsalar, mataimakin mutum ne mai son doguwar hula. Auta ta rage hular kaɗan daga sama, ya gano, ya daina amsa gaisuwarta. Ana cikin haka wani munafuki ya buɗe shafin a wayarsa ya ga duk hotunan sun ƙanƙance sun zama daidai wa daida, kan Mai Girma da na mai kula da sito ba bambanci. Auta ta yi ƙoƙarin bayanin cewa haka shafi yake yi idan allo ƙarami ne. Aka saurare ta cikin natsuwa, washegari aka fitar da takardar umarni cewa an haramta wa ma'aikata buɗe shafin hukumar a waya.

Duk yamma takan dawo ta zauna a tabarma tana ba mu labari kamar za ta yi kuka, ni kuwa ina ce mata ta rubuta a littafin, wannan ilimi ne da jami'a ba ta da malaman da za su koyar da shi.

A wata na shida ne ta kai ga maɓallin. A ƙasan shafin akwai wani koren maɓalli mai kyau da aka rubuta “Aiko da kokenka” a kansa. Ta danna, shiru. Ta buɗe cikin shafin ta duba, sai ta tarar ba maɓalli ba ne, hoton maɓalli ne. Shekara bakwai mutane suna dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka zana a bango. Yarinya mai hankali da ta ɗaga kai ta tuna lambobin yabon nan shida, ta rufe, ta tafi cin abinci. Tawa ba ta ɗaga kai ba. Cikin awa biyu ta haɗa shi da imel ɗin hukumar, ta dawo gida tana murna, ta miƙo mini waya ta ce, “Baba, gwada mini ka gani ko yana tafiya.”

A nan nawa laifin ya shigo. Da na rubuta “gwaji” na aika, da ba mu kai haka ba. Amma ni mutum ne da aka kashe wa kuɗi a jami'a, kuma shekara tara ke nan ina neman wanda zan gaya wa zancen kwatar nan. Na gyara zama na rubuta shafi uku. Na kawo tarihin kwatar, da sunayen waɗanda suka faɗa cikinta bisa tsarin shekaru, na gode wa hukumar da ta samar wa unguwarmu tafki kyauta, na nemi a turo mana kwale-kwale. Na sa cikakken sunana da lambar gida. Sannan na yi kuskure na biyu, na gaya wa maƙwabcina tela cewa yanzu maɓallin yana aiki. Wanda ya gaya wa telan nan magana bai da sauran buƙatar gidan rediyo.

Cikin kwana uku koke dubu huɗu da ɗoriya suka shiga. Dokar hukumar kuwa ta ce duk wasiƙar da ta iso sai an buga ta an buɗe mata fayil. Sabuwar firintar ta yi ta aiki har ta fara wari. Fayil ya cika ofishin sakatariya, ya gangaro baranda, masinja ya kai ƙarar bayansa. Ga shi saura mako ɗaya a zo tantance hukumar don lambar yabo ta bakwai. Injiniya ya ɗauki matakin gaggawa, ya zare wayar kwamfutarsa daga bango, ya kulle ta a kabad, ya sa makullin a aljihu. Koke bai fasa shigowa ba. Aka ce daga nan ya fara kallon Auta da wani irin tsoro.

Da aka ɗauko fayil na ɗaya don a gano mafarin fitinar, sunana aka gani, da sunan mahaifin ɗalibar, duk ɗaya. Injiniya ya ce ko hannunsa zai rube ba zai sa shi a littafin nan ba.

Abin da ya kai ni ke nan. Uwarta ta raka ni har bakin kwata tana ja mini kunne cewa in bar ilimin nan a gida, in shiga in ce na tuba, in fito. Awa uku muka yi a benci ni da Auta, tsakanin tulin fayil biyu. Na leƙa na saman, na ga na tela ne, yana kuka da fitilar titin da ta mutu tun ɗansa na fari yana rarrafe. Yaron yanzu shi ke yanka masa yadi.

Aka shigar da mu. Mai Girma yana zaune a ƙarƙashin hoton kansa, Injiniya a tsaye a gefe, fayil ɗina a buɗe a kan tebur, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin kwale-kwale. Na durƙusa iyakar abin da gwiwa ta yarda. Na ce ranka ya daɗe, sharrin zafi ne, kuma da na sake dubawa da kyau na ga ashe ba kwata ba ce, ƙasa ce ta ɗan yi laushi. Ya ce in rubuta haka. Na rubuta, na sa hannu. Ban taɓa sanin hannuna yana da saurin haka ba.

Sai ya juya ga Auta. Ya ce hukumar nan ta shekara bakwai tana zaman lafiya da jama'a, ba wanda ya ji kansu, sai ga ɗaliba ta zo ta haɗa su faɗa. Ta je yanzu ta mayar da maɓallin yadda ta same shi, batun littafi kuma a duba shi idan ƙura ta lafa. Na san irin wannan dubawar. Kwatata ma ana kan duba ta.

Ina shirin sake durƙusawa, sai na ji muryar yarinyar nan, a hankali, kanta a ƙasa.

“Ranka ya daɗe, ina so in yi, amma ba ni da hurumi. A nan aka koya mini ba a taɓa kayan hukuma sai mutum yana cikin fayil. Ni kuwa babu wata takarda da ta nuna na taɓa zuwa ginin nan.”

Ta ajiye littafin a kan tebur, ta buɗe. Mako ashirin da huɗu, wurin sa hannu fari fat.

Mai Girma ya dubi littafin, ya dubi Injiniya, ya tambaye shi ko shi zai iya kashe maɓallin da kansa. Injiniya ya taɓa aljihun da makullin kabad yake, ya ce ana kan ƙoƙari. Mai Girma ya jingina da kujera, ya daɗe yana kallon Auta, har na fara lissafin ko ta taga za mu fita. Can ya ce, “Yarinyar nan ta fahimci aiki.” Ya zare jan bironsa da kansa ya miƙa wa Injiniya.

A tsaye bawan Allah ya sa hannu sau ashirin da huɗu. Auta tana juya masa shafi, ba ta gaggawa. Da ya gama ta ce saura hatimi, ranka ya daɗe. Aka aika aka kawo. A wurin da aka ware don ra'ayin mai kula da ɗalibi, Injiniya ya rubuta cewa yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa komai ba. Sai da ta hura tawadar ta bushe, ta sa littafin a jaka ta zuge, sannan ta nemi a buɗe kabad. Minti biyar ya ɗauke ta ta mayar da maɓallin hoto.

Koke dubu huɗun nan an kwashe su zuwa sito, kuma sakatariya ta raɗa mini cewa a rahoton bana za su fito a matsayin saƙonnin fatan alheri daga jama'a. Ina taya hukumar murnar lamba ta bakwai tun yanzu. An riga an kafa ƙusar.

Muka kama hanyar gida ni da Auta. Ta rungume jakar a ƙirji kamar za a ƙwace. Na tambaye ta ko ta ji daɗi, ta ce littafin dai ya cika. Da muka iso ƙofar gida ta riga ni tsallakawa, ta juyo ta miƙo mini hannu, ta ce, “Baba, a hankali, ƙasar nan ta ɗan yi laushi.” Tela yana daga shagonsa yana tambaya ko an karanta nasa. Na ce masa an buɗe masa fayil. Ya ajiye almakashi ya ɗaga hannu sama, ya ce shi a zuriyarsu ba a taɓa buɗe wa kowa fayil ba.

Yau da safe Auta ta kai littafin makaranta, an karɓa, an ce horonta ya yi kyau. Idan a cikin masu karatu akwai wanda wannan rubutu ya ɓata wa rai, kada ya yi shiru, akwai koren maɓalli a ƙasan shafin nan. Auta ce ta haɗa mana shi, bayan ta kammala horo.