Makefile Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ba zan ɓoye ba, ni Bronwyn Kessell ta Hobart nake sanar da rasuwar dattijonmu Makefile. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha tara da layi dubu ɗaya da ɗari biyu. Shi ne fayil ɗin da ke harhaɗa libebb, manhajarmu ta kyauta mai lissafin cikowa da janyewar ruwan teku. Ka buga masa kalma guda, ya tattara tarkacen da muka rubuta, ya miƙo maka abu mai aiki.

Marigayin ba shi da kwaɗayi. Ya yi aiki a kan kwamfutocin da ko ɓarawo ba zai ɗauka ba, bai kuma taɓa neman intanet ba. Maganarsa kaɗan ce. In ya gama ya ce, "Babu sauran abin yi." In ransa ya ɓaci ya ce, "Kuskure na biyu," har ya bar duniya bai faɗa mini na ɗaya ba. A layi na 412 akwai gargaɗin da wani ya bari, "Kada a taɓa nan." Babu wanda ya san dalili, kuma duk mun yi biyayya.

Ya daɗe yana jinya. Duk sabon da ya zo taya mu aiki, da ya buɗe shi sai ya rufe ya kama gabansa. Darcy Aldous, abokin aikina na Geelong, ya ce mini, "Bron, tsohon nan naki ne fa ke korar mana mutane. Ke kanki tsoronsa kike ji, kar ki yi mini musu." Ban yi musun ba.

Bisa al'adarmu, aka buɗe shafin muhawara na sati biyu kan batun cire shi, mai ƙorafi ya zo ya faɗa. Mutum goma sha huɗu suka ɗaga babban yatsa alamar amincewa, babu wanda ya ƙi. Ni na danna maɓallin da ya goge shi, da kofin shayi a ɗaya hannun. Abin da bai faɗo mana a rai ba shi ne, masu leƙa shafin nan su ne masu sabuwar kwamfuta da intanet mai gudu. Waɗanda marigayin ke yi wa hidima shiru-shiru ba su ma san ana shawara ba.

Ya bar magajinsa, sabon tsarin harhaɗawa, mai tsafta da sauri, wanda ba ya motsi sai da kayan aiki na bana. Ya kuma bar maraya guda, Malakai Fifita, mai kula da wata ƙaramar tashar jiragen ruwa a tsibiran Ha'apai na ƙasar Tonga. Kwamfutarsa ta shekara goma sha huɗu. Duk shekara yakan sauke sabuwar fitowar manhajarmu, ya buga jadawalin ruwa a takarda, ya manna a bangon tasha. Da shi masu kwalekwale ke sanin lokacin da ruwa ya isa su haye duwatsun bakin mashiga.

Bara ya kwashe wata shida yana auna ruwa da sanda, domin lissafinmu na tasharsa yana kuskure da kusan minti arba'in. Ya aiko, muka yi godiya, muka saka gyaran a fitowa ta biyar, wato wadda muka cire marigayin daga cikinta. Sabon tsarin ba ya hawa kwamfutarsa. Tsohuwar fitowa tana hawa, amma da kuskurenta.

Darcy ya ce, "Haba, mu buga masa jadawalin mu aika mana, shi ke nan. In muka tono gawar nan, wa zai yi jinyarta? Ke?" Na bana dai za mu iya aikawa. Amma mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana yin abinsa bai roƙi kowa ba, mun mai da shi mai jiran mu tuna da shi. Wannan ne ke ci mini rai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ƙarfe biyu na rana agogon Hobart, ta kiran bidiyo. Za a binne shi a tarihin ma'ajiyar manhajarmu ƙarƙashin fitowa mai lamba 4.9, inda masu ziyara za su same shi. Kada a kawo furanni, kada kuma a ɗaga mini yatsa. Ba zan yi jawabi ba. Zan karanta saƙon da ya iso ranar Alhamis, wanda har yanzu ban iya amsawa ba:

"'Yar'uwa Bronwyn, gaisuwa mai yawa. Na buga kalmar da na saba, ya ce mini wai babu fayil. Jadawalin da ke bango zai ƙare a ƙarshen watan nan. Ki yi haƙuri na dame ki, ki faɗa mini abin da na ɓata."